Rantsuwa a Kan Tsoho Mai Lema

Ranar Alhamis ce, tsakiyar watan Agusta. Tun da hantsi hadari ya haɗo daga gabas ya tsaya a kan Sakkwato, bai zubo ba bai kuma watse ba, gari ya yi gumi kamar an rufe tukunya. A ranar ne Alhaji Tambari ya ba ni makirufon gidan kallonsa na Unguwar Rogo, gwajin yini ɗaya.

Sunana Zulkifilu. A aji uku na ƙaramar sakandare na bar makaranta. Ba kora ta aka yi ba, zama ne ba na iyawa. Na yi kabu-kabu wata huɗu, na yi koyon ɗinki wata biyu, na yi tsaron shagon cajin waya har mai shagon ya gaji da zuwa ya tarar da ƙofa buɗe ba kowa. Innata Hajjo ta riga ta yanke magana: in wannan ma bai zauna ba, zan bi motar Asabar zuwa fadama in taya kawuna aikin shinkafa har girbi.

Abu ɗaya ne na taɓa so da gaske, fassarar fim. Hayatu ne ke yi a gidan Alhaji. Yakan zauna gefen talabijin da makirufo, ana magana da wani yare yana juya ta zuwa Hausa nan take, yana ƙara gishiri inda ya ga babu. Shekara biyu ina zama bayansa kafin ya samu aiki a Kano. Dokarsa ɗaya ce, kuma ya faɗa mini ita ya fi a ƙirga: fim ɗin da ba ka kalla sau uku ba, kada ka buɗe baki a kansa.

Tun tafiyarsa Alhamis ta mutu, don ba a ƙwallo a ranar. Shi ne na kawo wa Alhaji shawarar ya bar ni in fassara wani fim da aka ɗauko daga littafin zane.

"Katun?" Ya cire hula ya sosa kai. "Kai ɗan Hajjo, masu gemu za ka tara ma katun? Mutanen ga daga injin casa suka hitowa da ƙaiƙayi a wuya. Su zamna su kalli zanen yara?"

"Alhaji, daga zane anka ɗauko labarin, amma mutane na sosai sunka yi shi. Akwai faɗa, akwai ruwa, akwai ban tausayi."

"Akwai waƙa?"

"Babu."

"Wanga kam ya yi." Ya dube ni sama da ƙasa. "In rabin masu gemu sun kai ƙarshe, Alhamis taka ta. In sun watse, ka aje mini makirufo ka tahi. Ka kalle shi dai?"

"Sau uku."

"Ce wallahi."

"Wallahi sau uku."

Minti arba'in na kalla. Labarin na san shi ne daga wani littafin zane da yayana Jelani ya saya wajen masu tsoffin littattafai a Sabon Gari, ya bar mini da zai tafi kudu. Turancina bai isa in karanta maganganun da aka rubuta cikin da'ira a bakin mutanen ba, amma hotunan na haddace su har na san inda kowane shafi ya yage. Da na sa fim ɗin a waya ranar Laraba, sai na ga yana bin littafin shafi bayan shafi. Ina cikin kallo aka yi ihu a waje, wai akuya ta faɗa kwata. Na tashi in gani, ban kuma komawa ba.

Labarin wani saurayi ne mai aiki a madatsar ruwa, wanda in ya ɗaga tafukansa ruwa ke ja da baya. Yana da tsohon uba mai masifa wanda ba ya rabuwa da baƙar lema. Kamar yadda Hayatu ke yi, na raɗa musu sunaye. Saurayin Gidaɗo, uban kuwa Tsoho Mai Lema.

Bayan azahar aka fara. Hadarin nan ya taimake ni, don masu shinkafa sun ƙi ɗora buhuna a buɗaɗɗiyar mota, suka shigo fakewa. Na ƙirga kawuna talatin da ɗaya, kuma da wuya ka ga wanda bai kai aure ba. A benci na biyu akwai Baba Sodangi, wani dogon dattijo daga wani ƙauye na bakin gulbin Rima, da mutanen garinsu uku. Duk Alhamis sukan kawo shinkafa casa. Can kusa da ƙofa kuma, sai ga Malam Sharifuddeen na Ƙofar Kware ya turo babur ɗinsa ƙarƙashin rumfa ya zauna. Shi ya koya mana Turanci a aji biyu. Ya san iyakar abin da ke kaina, don shi ya riƙa rubuta shi da jan biro.

Minti goman farko da ƙyar na sha. Da Gidaɗo ya fito da matsattsiyar rigarsa mai shuɗi, wani mahauci a baya ya kwashe da dariya.

"Wanga ƙato ba shi da wando na? Alhaji, a taimaka mishi da zane!"

"Matatai ta wanke ba ta shanya ba," na ce a makirufo, ɗaki ya ɗauki dariya. Mutum biyu suka tashi suka fita duk da haka. Alhaji na tsaye bakin ƙofa, na ga leɓensa na motsi. Ƙirga yake.

Tsoho Mai Lema ne ya cece ni. Da ya fito yana zungurin ɗansa da lema, na sa masa muryar wani mai goro na bakin kasuwa, na sa yana cewa, "Kai da ka iya kore ruwa, tulun gida ko ɗigo babu." Dattawan nan suka gyara zama. Wani ya ce wallahi haka babansa yake. Da aka nuno ruwa ya fara cin bakin madatsa, masu shinkafa suka daina dariya, suka fara gardama a kan ko irin wannan tsagewar tana gyaruwa. Ba wanda ya ƙara zancen wando.

Daidai nan minti arba'in ɗina ya ƙare. Na ci gaba da bin littafin da ke kaina. Yana nan cikin aljihun rigata ma, a naɗe. Da farko komai ya zauna daidai. Sai aka nuno wani abu da babu shi a littafi, tsohon yana zaune gaban likita shi kaɗai. Na ce ciwon gwiwa ne ya kai shi, na sa likita yana masa faɗan shan shayi da sukari da yawa. Aka yi dariya. Na saci kallon Malam Sharifuddeen. Shi bai yi ba.

Da aka kira la'asar Alhaji ya tsayar da fim kamar yadda aka saba. Aka fita alwala ana ta musu. Mahaucin nan ya rantse shugaban madatsar ne munafuki, wani tela ya ce a'a, matar nan mai tabarau ce. Alhaji ya wuce ta kusa da ni.

"Ashirin da tara," ya ce a hankali. "Riƙe su."

Bayan an sallame ina ɗaura takalmi sai inuwa ta rufe ni. Baba Sodangi ne. Ya durƙusa kusa da ni, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Ɗana, kai kas san ƙarshen abin ga ko?"

"Na sani, Baba."

"Tsohon ga, ruwa na cin shi?"

Na yi murmushi. "Baba, in na hwaɗa ai daɗin ya tahi."

"Ba daɗi nika tambaya ba." Bai ɗaga murya ba. "In ruwa na cin shi, ka hwaɗa mini in tahi in zamna wajen buhuna. Ba ni iya kallon ruwa ya ɗauki mutum."

Kowa a wurin injin casa ya san labarin. Shekarar babbar ambaliya ruwa ya shiga garinsu da safe, yana riƙe da hannun ɗansa Abdulwahabu, hannun ya kuɓuce. Ba a ga yaron ba har yau. Ni ma na sani. Amma a lokacin abin da na gani shi ne in Baba Sodangi ya fita, mutanensa uku za su bi shi, kuma masu shinkafa ba sa zama in babbansu ya tashi. Sannan na tuna shafin nan na kusa da ƙarshe: ruwa ya share gada da tsohon a kai, amma shafi uku gaba sai ga shi rataye a reshen bishiya da ƙugiyar lemarsa, yana zagin kowa. Hoton da na fi so ke nan a duk littafin.

"Baba, ruwa na ɗaukar shi, amma ba shi mutuwa. Lema na ceton shi. Za ka yi dariya."

"Ka tabbata?"

"Wallahi tallahi ba shi mutuwa."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya dafa kafaɗata ya miƙe. Na ji yana gaya wa mutanensa, "Yaron ya rantse. Mu koma."

Muna komawa ruwa ya tsuge. A kan kwanon gidan kallo ƙararsa ta rufe sautin fim ɗin gaba ɗaya, muryata kaɗai ke fita daga lasifika. Na ji daɗin haka. Na saki jiki, na sa Gidaɗo yana yi wa ruwa kirari, ɗaki na amsawa. Rubutun Turanci dai na gudu a ƙasan hoton, amma mutum ɗaya ne kawai ke iya bin sa.

Aka zo wani wuri da babu a littafi. Tsohon da ɗansa a bakin gada, tsohon na magana a hankali, ya daɗe yana yi. Na ce yana lissafa masa abin da zai sayo a kasuwa ne, albasa da kifi busasshe. Kaɗan suka yi dariya, don fuskar tsohon ba ta mai aiken kasuwa ba ce. Sai na ga ya miƙa wa ɗansa lemar.

A littafi bai taɓa sakin lemar nan ba.

Malam Sharifuddeen ya taso daga bakin ƙofa, ya biyo jikin bango a sunkuye, ya durƙusa bayan kujerata. Ya sa hannu ya rufe kan makirufo.

"Zulkifilu, tsohon ga bankwana shika yi. Likita ya gaya mishi kwanansa sun ƙare, shi ya sa zai tsaya kan gada ya ja ƙofar ruwa da hannu. Na ji abin da ka ce ma dattijon can. Tsai da fim ɗin ga."

"Malam, a littahi ba shi mutuwa."

"Ba littahi muka kallo ba."

Rimot na kan cinyata. Dannawa ɗaya ce. In ce memori ya lalace, ko in yi wa Alhaji alama ya kashe injin wuta. Na dubi ƙofa, Alhaji na tsaye da hannuwa a ƙirji, ya manta da ƙirga ma, ido na kan talabijin. Saura bai fi minti ashirin ba. In na tsayar, ba wanda ya kai ƙarshe, kuma motar Asabar na jirana. Na ce a raina masu fim ba za su jefar da hoto irin na reshen nan ba. Wataƙila wata lemar zai samu. Wataƙila Gidaɗo zai jefa masa ita.

Na janye makirufo daga hannun Malam.

"Jama'a, ku riƙe zukatanku," na ce. "Abin da za ku gani yanzu, kak ku tsorata."

Ruwa ya taso kamar bango. Gidaɗo na can ƙasa ya ɗaga tafuka yana tare wa gari, ba ya iya sakin hannu ko ɗaya. Tsohon ya ja ƙarfen ƙofar har ta buɗe. Gadar ta karye. Aka nuno hannunsa a saman ruwa, sau ɗaya, sau biyu, sannan babu.

Baba Sodangi ya kama bencin gabansa da hannu biyu.

"Ku jira," na ce. "Akwai bishiya nan gaba."

Aka nuno bishiya kuwa, ruwa na wucewa ta ƙarƙashinta. Ba kowa a kai.

"Ba wagga ba. Ta gaba."

Aka nuno gari ya waye, ruwa ya janye, mutane na tafiya cikin laka suna dube-dube. Aka nuno Gidaɗo ya durƙusa gaban wani abu da aka rufe da bargo, takalmi ɗaya ya leƙo. Na san takalmin. Kowa ya san shi, don na yi masa ba'a tun farkon fim.

"Suma yay yi," na ce. Muryata ta fito siririya daga lasifika. "Yanzu za a yayyafa mishi ruwa."

"Wane ruwa kuma?" in ji mahauci. Ba wanda ya yi dariya.

Sai maƙabarta. Mutane da baƙaƙen tufafi, rami, akwati. Gidaɗo ya buɗe lemar ya kafa ta a kan kabarin.

A daidai lokacin ruwan sama ya tsagaita, sai aka ji kiɗan fim ɗin a hankali, aka kuma ji wani sauti daga benci na biyu. Baba Sodangi ne. Ba kuka irin na hawaye ba, wani abu ne ke fitowa daga ƙirjinsa kamar ana jan guga mai nauyi. Ya miƙe, hularsa ta faɗi, bai ɗauka ba. Ya bi tsakanin bencina. Da ya zo daidai ni ya tsaya. Na ɗauka mari ne, har na so ya zama mari.

"Ai na tambaye ka," ya ce. Ya fita cikin yayyafi.

Ƙaramin cikin mutanensa ne ya fara. Ya tsallako benci ya shaƙe wuyan rigata.

"Kai ka rantse mishi! Gabana ka rantse!"

"A littahi shina rayuwa! Ga shi, ku duba!" Na zaro littafin ina neman shafin. Ya fizge ya jefar, ya faɗa cikin ruwan da ya kwanta a bakin ƙofa, masu fita suka bi ta kansa. Wasu na jan sa, wasu na jan ni, tela na ihu a bari a ga ƙarshe, mahauci na cewa shi ma a bar shi ya taɓa ni ko sau ɗaya, don shi ma ya sa rai. Benci ya karye da mutum huɗu a kai. Wani ya taka wayar makirufo ta tsinke daga gindi, lasifika ta yi ƙara ta mutu. Malam Sharifuddeen ne ya shiga tsakani da jikinsa, yana kiran kowa da sunan ubansa, har aka sake ni. Haƙorina na gaba ya tafi, ban san gwiwar hannun wa ce ba.

Da wurin ya lafa, sunaye na hawa a talabijin, har yanzu akwai mutum goma sha tara a tsaye suna kallo, ko tsohon zai fito bayan rubutun. Bai fito ba.

Alhaji ya zo ya karɓi makirufo daga hannuna, ya naɗe guntuwar wayar a jikinsa.

"Sun kai ƙarshe, Alhaji," na ce, jini na cika mini baki. "Sun hi rabi."

"Sun kai. Katun ɗin ga ya riƙe su, na yarda. Sau nawa ka ce ka kalla?"

Na goge jinin bakina da hannun riga.

"Gai da Hajjo," ya ce.

A waje Malam na goge sirdin babur da gefen rigarsa. Na tambaye shi ko azumi uku zan yi na rantsuwar da na yi wa Baba Sodangi. So nake a ba ni abin da zan yi in gama.

"Wadda ka yi mishi, a lokacin ka ɗauka gaskiya ta, babu kaffara kanta," ya ce. "Wadda ka yi ma Alhaji kuwa kana sane, ta hi ƙarhin azumi, sai tuba." Ya hau babur, ya tsaya bai tayar ba. "Amma da na zo na gaya maka, rimot na kan cinyarka. Wannan ba ni da littahin da zan duba maka."

Na ɗauki hular Baba Sodangi na tafi wajen injin casa. Motarsu ta riga ta tashi, sun ɗora buhunan cikin yayyafi ba tare da sun jira tamfol ba. Na bar hular wajen mai inji. Ya ce mini daga baya har yanzu tana rataye a ƙusa, don tun ranar wani ƙanen Baba Sodangi ke kawo shinkafar.

Ina rubuta wannan ne a fadama, a bayan littafin da kawu ya ba ni in riƙa rubuta ranakun ban ruwa. Na ji labari Alhaji ya samu wani mai fassara, duk Alhamis irin waɗannan finafinan yake sawa, kuma sai an ƙaro benci daga masallaci.

Abin da aka rasa a ranar: benci ɗaya, wayar makirufo ɗaya, haƙori ɗaya, littafin Jelani, buhun shinkafa biyu da ruwa ya jiƙa a hanya, Alhamis ɗina, da Baba Sodangi, wanda shekara goma sha ɗaya yana zuwa Unguwar Rogo duk mako.